Sauti a kunne kaɗai ba zai wadatar ba

Iƙirarin da wani labari da na karanta ya yi, cewa kunna sauti a kunne lokacin kwanciya ya isa ya sa mutum ya farga yana cikin mafarki har ya juya akalarsa, ina ganin an ƙara masa gishiri. Mafarkin da ya fi fitowa sarai yana zuwa ne a matakin barcin da idanu ke motsi da sauri, wanda ke dawowa kusan duk minti 90 kuma ya fi tsawo gab da wayewar gari, don haka sautin da aka kunna da farkon dare yakan ƙare kafin a kai wurin. Dabarar da mai binciken mafarki Stephen LaBerge ya tsara a Jami'ar Stanford da ke Amurka kuwa ta dogara ne ga niyya: mutum ya farka, ya tuna mafarkinsa, ya koma barci yana nanata wa kansa cewa zai gane mafarki yake yi. Na gwada ƙararrawa mai taushi tsawon mako biyu; ko dai ta tashe ni, ko ta shige cikin mafarkin ta zama kukan tsuntsu ban ankara ba. Wani mai sharhi a kan labarin ya ce babu wata illa, amma shin ya yi la'akari da masu fama da rashin barci ko dannau, waɗanda katse barcin dare zai iya ƙara musu matsala?