Igiyar Hedimasta

Hedimasta ya leƙa aji ɗaya da safe, sai ya tarar bencina sun koma jikin bango, yara kuma suna zaune rukuni-rukuni a kan tabarmi.

Hedimasta: Malama, ɓarayi ne suka shigo cikin dare, ko kuwa suna aka yi a ajin nan ba a gayyace ni ba?

Malama: Ranka ya daɗe, ni na sauya tsarin, domin ɗan shekara shida ba ya iya wuni yana kallon ƙeyar na gabansa. Waɗancan suna ƙidaya da marafan kwalba, waɗannan suna ƙera haruffa da yumɓu, in an jima kuma su musanya wuri.

Hedimasta: Shekarata talatin da ɗaya a aikin nan, ban taɓa ganin ilimi ya shiga kan yaro ta gefe ba. Daga allo yake tasowa, ya bi layi benci-benci har ya kai na baya, idan kuwa babu layi ɓata zai yi a hanya.

A nan ya zaro igiyar da yake auna layin benci da ita, wadda masu gulma suka ce ko ɗaurin aure ya je tana aljihunsa.

Malama: Ai tun 1907 wata likita mai suna Maria Montessori ta buɗe makarantar yara a birnin Rum, ta sa aka yi musu ƙananan tebura da kujeru marasa nauyi waɗanda yaro zai ɗauka da kansa ya kai inda aikinsa yake.

Hedimasta: Ita wannan baiwar Allah, ta taɓa sa hannu a takardar ƙidayar bencin gwamnati?

Malama: A 2015 ma masana daga Jami'ar Salford ta Ingila sun duba azuzuwa 153, suka gano cewa haske da iska da tsarin aji suna taɓa ci gaban karatun yara.

Hedimasta: Iska da haske kam mun fi Ingila, tun da guguwar bara ta yaye mana rabin kwano.

Maigadi: Ranka ya daɗe, mu a makarantar allo kewaye wuta muke yi da dare, kuma a haka muka sauke.

Hedimasta: Baba, ƙofa aka ba ka tsaro, ba manhaja ba.

Malama: To mu yi lissafi. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35, ni kuwa 94 gare ni, bencina goma sha ɗaya, kowanne na ɗaukar uku. Ka ga ke nan yara 61 dama a ƙasa suke zaune, can baya inda ko allon ba sa hangowa.

Hedimasta: A ƙasa suke, na yarda, amma a layi suke!

Ana cikin haka sai ga Sufeto, wanda rabonsa da makarantar tun ana saura mako guda zaɓe. Wani yaro da ba a taɓa jin muryarsa a benci na ƙarshe ba ya tare shi da motar yumɓu, yana ƙirga masa tayoyinta ɗaya bayan ɗaya, har da tayar safaya.

Sufeto: Madalla! Wane ne ya kawo wannan tsari?

Hedimasta: Yallaɓai, shekarata talatin da ɗaya ina faɗa musu cewa benci ba ya karatu, sai bana Allah ya ba ni malamar da ke jin magana.

Ƙurar babur ɗin Sufeto ba ta gama kwantawa ba, Hedimasta ya miƙa wa Maigadi bakin igiya.

Hedimasta: Riƙe nan, Baba. Malama, na amince yara su zauna a da'ira, amma da sharaɗin kowace da'ira ta miƙe sambal.