Korona ta zo, sai aka sa wuƙa a wuyan masu ƙaramin ƙarfi

Har yau idan na ji ana cewa annobar korona ce ta tilasta wa jami'o'in Amurka soke wasanni, raina ɓaci yake. Asara dai an yi ta, wannan ba gardama. A watan Maris na 2020 hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ta soke babbar gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i, wadda daga gare ta mafi yawan kuɗinta ke shigowa, kuma kuɗin da take raba wa manyan makarantu ya faɗo daga kusan dala miliyan 600 zuwa miliyan 225. Filaye sun zama wayam, ba mai sayen tikiti, ɗalibai sun koma gida ana mayar musu da kuɗin ɗakin kwana. Amma ku duba su wa aka ɗora wa nauyin.

Stanford, jami'ar da ke da dukiyar ajiya ta sama da dala biliyan 25, ta fito a watan Yuli ta ce za ta soke wasanni 11 cikin 36: kokawa, wasan takobi, tseren kwale-kwale, ƙwallon raga ta maza da sauransu. Yara sama da 240 ke nan. Waɗannan ba su ne ake nunawa a talabijin ba. Su ne masu tashi da asuba su yi atisaye, su wuce aji, da yawansu ma iyayensu ke biyan kuɗin makaranta.

Na jami'ar Clemson ya fi yi mini ciwo. A 2019 ta ba kocin ƙwallon ƙafar Amurka, Dabo Swinney, kwantiragin dala miliyan 93 na shekara goma. A Nuwamban 2020 kuma ta ce ba ta da halin riƙe 'yan guje-guje da tsalle-tsalle maza. Wasan gudu fa, wanda takalmi da fili kawai yake buƙata, kuma hanya ce da yara baƙaƙen fata da dama ke bi su samu karatu. Mu ma abin ya shafe mu, don ta irin wannan ƙofa Tobi Amusan, 'yar tseren Najeriya, ta shiga jami'ar Texas da ke El Paso kafin ta kafa tarihin duniya a 2022. A Disamban 2020 jami'ar Auburn ta kori kocinta na ƙwallon ƙafar Amurka, Gus Malzahn, da kuɗin sallama sama da dala miliyan 21, a tsakiyar annobar. Don Allah wace irin babu ce wannan?

Za a ce ai ƙwallon ƙafar Amurka ce ke kawo kuɗin da ake ciyar da sauran. Gaskiya ne a manyan makarantu, shi ya sa ƙungiyar wasannin manyan jami'o'i ta Big Ten da ta ɗage kakar wasa a watan Agustan 2020 ta janye maganarta a Satumba. To amma wa ya ce dole kuɗin da ta kawo ya ƙare a albashin koci da gine-ginen ƙawa? Jami'a ce, karatun yaran nan ne amanar da aka ba ta.

A Maris na 2021 Shane Griffith na Stanford ya ci kofin kokawa na ƙasa sanye da baƙar riga, ba tambarin makarantarsa a jiki, 'yan kallo na kiran a bar musu kokawarsu. Tsofaffin ɗalibai suka tara kuɗi, aka shigar da ƙara kotu, a watan Mayu Stanford ta dawo da wasannin 11 duka. Clemson ma ta janye da ta ga shari'a na tafe. Ashe da kuɗin.

Waɗanda ba su da attajirai a bayansu fa? Jami'ar Iowa ta dawo da ninkayar mata da ta soke bayan kotu ta shiga maganar, amma ninkayar maza da tanis ɗinsu da wasan lanƙwasa jikinsu sun tafi ke nan. Yaran sai dai su nemi wata makarantar, ko su haƙura da wasan da suka taso a cikinsa.