Tambarin Atmos a jikin kwali bai isa ya binne sinimar gida ba

Tun da kamfanin Harman, wanda mallakin Samsung ne, ya sanar a watan Mayun 2025 cewa zai sayi sashen kayan sauti na Masimo a kan dala miliyan 350, wato Denon da Marantz da Polk da Bowers & Wilkins duka a lokaci guda, masu sharhi kan kayan lantarki suka samu abin faɗi. Cewa suke yi zamanin amfilifaya, wato akwatin da ke ƙarfafa sauti ya raba wa lasifikoki, da lasifika biyar ko bakwai a kewayen ɗaki ya wuce, tunda ga shi gidan da ya yi suna da sandar sauti, wannan doguwar lasifika guda da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin, ya haɗiye tsofaffin gidajen amfilifaya. Sukan ƙara da Onkyo na Japan da ya karye a 2022, su ce magana ta ƙare. Abin da ke ɓata mini rai a wannan hukunci shi ne yadda ake ɗaukar labarin kasuwa a mayar da shi hujja a kan kunne, alhali yawan cinikin wata na'ura bai taɓa nuna cewa tana yin aikin da ake jingina mata ba.

Mutum yana gane inda sauti ya fito ne saboda yana da kunne biyu. Sautin da ya taso daga dama yana riga isa kunnen dama da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, yana kuma isa kunnen hagu da ɗan rauni saboda kai ya tare shi, sannan lanƙwashe-lanƙwashen kunne suna sauya shi ta yadda ƙwaƙwalwa za ta bambance gaba da baya, sama da ƙasa. A kan wannan aka gina tsarin 5.1, wato lasifika biyar a kewayen mai kallo da wufa ɗaya, lasifikar da ke fitar da kaurin sauti. Ƙa'idar da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar ta ce lasifikar tsakiya ta fuskanci mai kallo, ta hagu da ta dama su kasance a digiri 30 kowacce, na kewaye biyu kuma tsakanin digiri 100 zuwa 120, wato a gefe kuma ɗan baya kaɗan. Wanda ya haɗa sautin fim a situdiyo yana zaune ne a tsakiyar lasifikoki da aka jera kewaye da shi, kuma abin da ya ji a wannan kujera shi yake so ya isa ga mai kallo. To, sandar sauti mai tsawon mita ɗaya, idan aka zauna mita uku daga gare ta, bakinta na hagu da na dama ba su wuce kusan digiri 10 daga tsakiya ba. Kashi ɗaya cikin uku ke nan na faɗin da ake bukata a gaba kawai, tun ba a zo maganar baya ba.

Amsar masu ƙera sandar ita ce harba sauti zuwa bango da silin domin ya dawo wa mai kallo kamar daga can ya taso. Dabara ce mai kyau, kuma tana ɗan aiki a ɗaki mai kusurwa huɗu, mai bango tsirara a kowane gefe da silin shafaffe wanda bai cika tsawo ba. Amma a dubi falon da mutane ke zama a ciki da gaske: gefe ɗaya a buɗe yake zuwa wurin cin abinci, ɗaya gefen taga ce da labule mai kauri, kujerar kuma an manna ta da bangon baya. Labulen ya shanye sautin da aka harba masa, buɗaɗɗen gefen ya tafi da nasa bai dawo ba, sai takun sawun da ya kamata mai kallo ya ji ta bayan kafaɗarsa ta hagu, har ya waiga, ya fito daga ƙarƙashin allon tare da maganar ɗan wasa da kiɗa da ƙarar ruwan sama, duk a cunkushe wuri guda. Masu ƙera waɗannan na'urori sun san haka sarai, shi ya sa sandunan da suka fi tsada, irin masu lambar 11.1.4 (hanyoyin sauti 11 na kewaye, wufa ɗaya, huɗu na sama), suke zuwa da wufa daban da ƙananan lasifikoki biyu na ajiyewa a baya. Wanda ya sayi irin wannan ai ya riga ya gina sautin kewaye, sunan kawai aka sauya masa.

Sai maganar tambari, wadda a nan ne yaudarar ta fi muni. Dolby Atmos, tsarin sauti na kamfanin Dolby, ya shiga gidajen sinima a 2012, ya iso gidaje a 2014, kuma sabon abin da ya kawo shi ne ɗaukar sauti a matsayin abu mai matsayi a sarari, wanda na'ura za ta rarraba wa lasifikokin da ke akwai, har da na sama. A yau ana buga wannan tambari a jikin wayar hannu da kwamfutar cinya da siririn talabijin mai lasifika biyu masu kallon ƙasa. Tambarin yana nufin na'urar tana iya karanta bayanan ne kawai. Ba ya yi wa kowa alkawarin cewa za a ji jirgi ya wuce ta saman kansa. Mai saye kuwa yana ganin suna ɗaya a jikin amfilifaya da jikin sandar da ba ta kai tsawon hannu ba, sai ya ɗauka abu ɗaya ne, kuma babu mai tallan da ke da sha'awar gyara masa wannan fahimta.

Kaurin sauti ma ba ya jin lallashi. Sautin da ke kaɗawa sau 40 a daƙiƙa, irin rugugin tsawa, zangonsa ya haura mita takwas, kuma ba a samar da shi sai an tura iska mai yawa, abin da ke bukatar babbar lasifika a cikin babban akwati. Lasifikar tsakiya kuwa ita ce maganin kukan da kowa ke yi yanzu na cewa ba a jin abin da 'yan wasa ke faɗi sai an kunna rubutu a ƙasan allo, domin kusan duk magana ta nan take bi, kuma amfilifaya tana ba mutum damar ɗaga ta ita kaɗai ba tare da ya ɗaga harbi da fashewa ba.

Hujjar da na fi riƙo da ita dai ta daɗewa ce. Lasifikar da ake jona wa amfilifaya da waya ginshiƙinta maganaɗisu ne da naɗin waya da faifan da ke kaɗa iska. Ba ta da manhaja, ba ta neman intanet, ba ta jiran izinin kowane kamfani kafin ta yi aiki, kuma wadda aka ƙera shekara ashirin da suka wuce za ta yi aiki da amfilifayar bana ba tare da wata matsala ba. Abin da ke tsufa shi ne hanyar haɗi da tsarin fassara sauti: HDMI, tsarin wayar da ke haɗa talabijin da sauran na'urori, ya kawo ARC, hanyar mayar da sauti daga talabijin zuwa amfilifaya, a 2009, ya kawo ingantaccensa eARC a 2017, gobe kuma zai kawo wani. Mai tsarin da aka haɗa daga sassa daban-daban akwati ɗaya zai sauya. Mai sanda kuwa, amfilifaya da lasifika da manhaja duk a jiki ɗaya suke, ranar da ɗaya ya gaza sauran sun bi shi bola. Masu kayan kamfanin lasifika na Sonos sun ɗanɗana wannan sau biyu: a 2020 lokacin da kamfanin ya ce tsofaffin na'urorinsa ba za su ci gaba da samun sabbin abubuwa ba, da kuma 2024 lokacin da sabuwar manhajarsa ta fito da tarin matsaloli, mutane suka rasa abubuwan da suka saba yi da lasifikokin da suka biya kuɗinsu, har shugaban kamfanin, Patrick Spence, ya sauka a Janairun 2025. Wannan shi ne tsarin da ake ce mana ya fi sauƙi da kwanciyar hankali.

Masu cewa faifan fim ya mutu, don haka babu sautin da ya cancanci wahala, ba su duba lissafi ba. Gaskiya ne Best Buy, babban kantin kayan lantarki na Amurka, ya daina sayar da faifan fim a 2024, kuma sautin intanet matsattse ne idan aka gwada shi da Dolby TrueHD, sautin faifan Blu-ray wanda ba a rage masa komai ba, amma Netflix tana aika 5.1 har kilobit 640 a daƙiƙa, Atmos kuma har 768, alhali Dolby Digital na faifan DVD, wanda saboda shi mutane suka cika falo da lasifika, bai wuce 448 ba. Fina-finai da wasannin bidiyo masu sautin kewaye sun fi yawa a yau fiye da kowane lokaci. Wahalar jan waya zuwa lasifikoki da ake kuka da ita kuwa aikin yini ɗaya ne da ba a maimaitawa. Wanda ke zaune a ƙaramin ɗaki da maƙwabci a bayan bango, sanda ta ishe shi, amma halin da yake ciki ba dalili ba ne na yanke wa kowa hukunci.

Masu tsananin son wannan harka ma suna da nasu laifin, domin sun tsorata sabon shiga da maganar lasifika goma sha biyu da huda silin, har ya ɗauka ko dai ya yi duka ko ya haƙura. Amfilifaya matsakaiciya da lasifika biyu masu kyau sun isa a fara, a ƙara ta tsakiya da wufa idan hali ya yi, sannan biyu na baya, a sa makirfon da ke zuwa da amfilifayar a wurin zama ta auna ɗakin ta daidaita kanta. Kamfanoni kuma ya kamata a tilasta musu su rubuta a jikin kwali akwati nawa ne a ciki da inda za a ajiye kowanne, kusa da waccan lamba mai ɗigo biyu da suke bugawa da manyan haruffa.