Agwagin Dareta da kuɗin gidauniyoyi: wane bincike ya kamata a biya a Zamfara?

A farkon shekarar 2010, tun kafin ƙananan kaburbura su yawaita a Dareta da 'Yargalma na jihar Zamfara, agwagi ne suka fara ƙarewa a ƙauyukan. Mutanen gari sun ga haka, sun yi jimami, suka ci gaba da harkokinsu. Babu wanda aikinsa ne ya ɗauki gawar agwagwa guda ya kai inda za a feɗe ta a gano abin da ya kashe ta. Sai a watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar da yara suna amai, suna jijjiga, suna mutuwa, maganin maleriya da na sanƙarau bai tsinana musu komai. Da aka aika jininsu Turai, sakamako ya dawo: gubar dalma ce, daga dutsen zinaren da ake dakawa da niƙawa a cikin gidaje.

Sauran labarin sananne ne. Aƙalla yara 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. A ƙauyuka biyun da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bi gida-gida, an samu cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Agwagwa tana kiwo da baki cikin ƙasa da taɓo, shi ya sa gubar ta riga kama ta. Gargaɗin ya zo kyauta, sai dai babu wanda aka ajiye domin ya karanta shi.

Wannan ne ma'aunin da ya kamata mu riƙa auna duk wata gidauniya da ta ce za ta tallafa wa binciken lafiyar mutane da dabbobi a wannan jiha. Idan agwagi suka sake mutuwa gobe a wani ƙauye na Maru ko Bungudu, shin kuɗinta sun ajiye wani da zai ji labari cikin mako guda, ya ɗauki samfur, ya gwada shi a Gusau? Idan amsar a'a ce, to duk yawan taron ƙara wa juna sani da aka yi a otal, an bar jaki ana dukan taiki.

Ba a raina abin da manyan gidauniyoyi suka yi. Kuɗin Gidauniyar Gates ne suka samar da rigakafin MenAfriVac, wanda aka fara bayarwa a 2010 a kan ƙasa da rabin dala kowace allura, kuma ya kusan kawar da sanƙarau nau'in A daga yankin Sahel. Amma Zamfarawa ba su manta da 2017 ba. Annobar da ta faro daga wannan jiha a ƙarshen 2016 nau'in C ce, wadda waccan allura ba ta karewa, kuma ta kashe mutum fiye da 1,000 a faɗin ƙasa. An riga an ga irin wannan ƙwayar cuta a Sakkwato a 2013, an gan ta a Kebbi a 2014. An ƙera rigakafin nau'in A a Indiya, an yi nasara, amma aikin sa ido na yau da gobe, wanda shi zai nuna cewa cuta ta canza riga, bai samu mai ɗaukar nauyinsa yadda ya kamata ba.

Dalilin kuwa a bayyane yake: wannan aiki ba shi da armashi a hoto. Ba a yanka masa kirtani, ba a liƙa masa allo mai sunan mai bayarwa. Ga abin da ya ƙunsa.

Ɗauki gwajin dalma. Akwai ƙaramar na'ura, LeadCare II, da ke ba da sakamako cikin minti uku daga ɗigon jinin yatsa. Amma iyakarta 65 a ma'aunin maikurogiram cikin kowace desilita; abin da ya haura haka sai dai ta nuna cewa ya yi yawa, alhali a Zamfara an ga yaran da nasu ya ninka wannan sau da dama. Ana fara ba yaro maganin fitar da guba, irin succimer, daga 45 zuwa sama, don haka kuskure kaɗan yana iya sa a ba wanda bai buƙata ko a hana mai buƙata. Idan ba a wanke hannun yaro da sabulu sosai kafin a huda yatsa ba, ƙurar da ke fatarsa za ta shiga jinin, sakamako ya hau na ƙarya. Na'urar ba ta son zafin da ya wuce digiri 36, kuma kowa ya san yadda Afrilu yake a Anka. Sinadaranta suna da wa'adi, da dala ake sayensu. Wanda ya nuna yawa kuma sai an ɗebi jinin jijiya an tabbatar a babbar na'ura. Sannan maganin kansa aikin banza ne muddin yaro zai koma gidan da ƙasarsa ke da guba, shi ya sa sai da aka kankare saman ƙasar gidaje, kimanin santimita biyar, aka zuba sabuwa, kafin a fara magani. Ƙauyen Bagega ya jira har 2013 kafin a yi masa haka, bayan matasa sun yi ta matsa wa gwamnatin tarayya lamba ta saki kuɗi.

Ɗauki sanƙarau. Ruwan bayan da aka ɗeba daga majinyaci ya kamata ya isa ɗakin gwaji cikin awa guda. Idan ba zai isa ba, sai a zuba shi a kwalba ta musamman mai suna Trans-Isolate. A nan ake yawan yin kuskure: ma'aikaci mai kyakkyawar niyya ya saba cewa komai na asibiti sanyi yake so, sai ya jefa kwalbar cikin kula da ƙanƙara. Ƙwayar sanƙarau ba ta jure sanyi. Samfur ya isa, a shuka, babu abin da ya tsiro, a rubuta cewa ba a ga komai ba, alhali unguwa guda na kwance. Horo na yini ɗaya da kwalabe ashirin a kowane babban asibiti kafin hunturu ya kama sun isa su toshe wannan ɓaraka, amma sai an maimaita kowace shekara, domin ana sauya wa ma'aikata wurin aiki.

Ɗauki bakkale, ciwon da ke sa saniya ɓari da kumburin gwiwa. Makiyaya sun san shi sarai. Abin da ba a cika sani ba shi ne yana kama mutum ta hanyar ɗanyen nono da taɓa mahaifar dabbar da ta yi ɓari, ya zo masa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi. A asibiti za a ce maleriya ce, in ta ƙi a ce taifod, a yi ta juya shi wata da watanni, alhali maganinsa haɗin ƙwayoyi biyu ne na tsawon mako shida. Gwajin farko, wanda ake kira Rose Bengal, yana da sauƙi: ɗigon ruwan jini da ɗigon sinadari daidai wa daida a kan farin faranti, a gauraya, a riƙa karkatawa minti huɗu, in ya yi gudaji-gudaji to akwai alama. Inda ake faɗuwa shi ne hanya. Jinin da aka bari a rana, ko aka ɗaure a bayan babur ya sha girgiza daga ruga zuwa gari, zai fashe ya yi ja, ya tashi daga aiki. Dole a jingine kwalba a inuwa jini ya daskare, a tsiyaye ruwansa a wata kwalba, a riƙe shi tsakanin digiri 2 da 8. Wato firjin sola, da batirinsa, da wanda zai gyara shi idan ya tsaya.

Duk waɗannan misalai abu ɗaya suke nunawa. Na'ura ce mafi sauƙin saye, kuma ita ce masu bayarwa suka fi so. Abin da ke kashe bincike a nan shi ne sinadarin da ya ƙare, da man babur, da alawus ɗin mai ɗibar samfur, da wutar da ta ɗauke. Tallafin wata goma sha biyu ba ya isa ko a ga cuta ta zagayo sau biyu, alhali sanƙarau na rani ne, maleriya da ciwon hantar dabbobi na damina ne, kuma ƙaurar shanu ma tana da lokacinta. Duk gidauniyar da ba za ta iya alkawarin shekara biyar ba, gara ta rage faɗin aikin ta tsawaita wa'adinsa. Haka nan kasafin da aka rubuta da naira ya zama tarko: wanda ya tsara aikinsa a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya wayi gari a 2024 tana sama da 1,500. Kuɗin sinadarai a ajiye su da dala, ko gidauniyar ta saya da kanta ta kawo kashi-kashi, don kada su lalace a ɗaki.

Sai batun wanda zai riƙe aikin. An daɗe ana yin abin da bai dace ba: baƙo ya zo da tambayarsa, ɗan gida ya yi masa tafinta da ɗibar jini, samfur ya hau jirgi, takarda ta fito da Turanci a mujallar da ko jami'ar Gusau ba lallai ta iya biyan kuɗin karanta ta ba. Mai garin da ya tara jama'a bai sake jin komai ba. A ƙasar da ba a manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996, wanda ya jawo ce-ce-ku-ce, ba, kuma Zamfara tana cikin jihohin da suka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, wannan wasa da wuta ne. A sa a cikin yarjejeniya cewa ba za a saki kason ƙarshe na kuɗi ba sai an koma garin an faɗa wa mutane abin da aka gano, da Hausa ko Fillanci, a gaban hakimi da arɗo da liman, kuma duk wanda aka samu da cuta an yi masa magani. Amincewar kwamitin ɗa'ar bincike ita ma a gan ta a rubuce kafin a huda yatsa ko ɗaya.

Ma'aikata ba su ne matsala ba. Akwai tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, akwai jami'o'in tarayya a Gusau da Birnin Kebbi, ga ta aikin gona a Zuru, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Yariman Bakura a Gusau, ga cibiyar Vom ta jihar Filato da ke aikin cututtukan dabbobi tun 1924. Abin da babu shi ne kasafi guda da zai zaunar da likitan mutane da na dabbobi a teburi ɗaya. Kowa da ma'aikatarsa, kowa da fom ɗinsa. Gidauniya tana da 'yancin da gwamnati ba ta da shi: tana iya cewa ba ta ba da sisi sai takardar neman tallafi ta zo da sa hannun su biyun.

Za a ce ai babu tsaro, wa zai shiga daji? Gaskiya ne, kuma bai halatta a tura ɗalibi inda za a sace shi saboda digiri ba. Amma dabbobin daji da ƙafarsu suke zuwa gari. Mayankar Gusau da kasuwannin Talata Mafara da Shinkafi da Gummi suna tara dabbobi daga wuraren da mota ba ta zuwa. Mahauci ya fi kowa sanin huhun da ya manne da haƙarƙari da hantar da tsutsa ta cinye. A ba malamin dabbobi na kowace mayanka littafi, da wayar ɗaukar hoto, da kwalabe, da ɗan alawus na wata-wata, a haɗa da ma'aikatan ƙananan asibitocin da ke zaune a garuruwansu. A kuma tanadi takarda da biro, domin a 2021 an rufe layukan waya a jihar, an rufe kasuwannin mako, kuma duk tsarin da ya dogara da intanet kaɗai ya tsaya cik.

Za a kuma ce wannan aikin gwamnati ne. Haka ne, kuma bai kamata a sauke mata nauyi ba. Sai dai MSF ta miƙa aikin dalma ga jiha a 2022, gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a Disambar 2024, zinare kuma sai ƙara tsada yake. Taimakon Amurka ya ragu ƙwarai a 2025, Gidauniyar Gates ma ta sanar cewa za ta rufe a 2045. Mai jiran tuwon maƙwabta yana iya kwana da yunwa.

Shi ya sa ido ya kamata ya koma gida. Gidauniyoyin Aliko Dangote da TY Danjuma da ASR Africa ta Abdussamad Rabi'u sun zuba kuɗi a fannin lafiya, kuma akwai attajiran Zamfara da Kebbi da suka yi arziki da shinkafa da shanu da zinare. Zakka tana da mutum takwas da aya ta ambata a Suratut Tauba, don haka malamai da yawa ba za su yarda a sayi sinadarin gwaji da ita ba. Wakafi kuwa ƙofarsa a buɗe take, kuma jihar tana da hukumar zakka da wakafi da za ta iya riƙe amana. Jerin shaguna goma a Gusau, a tsayar da hayarsu kan abu uku kawai: sinadarai, man babur, da alawus ɗin masu ɗibar samfur. A sa kwamiti ƙarami mai likitan mutane, da likitan dabbobi, da malami, da akanta, a riƙa liƙa lissafin shiga da fita kowane wata uku inda kowa zai gani. A buga lambar waya guda a rediyo, wadda mai unguwa zai kira idan kaji ko agwagi ko awaki suka fara mutuwa a jere, da sharaɗin cewa cikin kwana uku wani zai iso da safar hannu da kula.