Kafin Ka Cire wa Ɗan Haya Kwano

Duk inda masu gidajen haya suka haɗu, kukansu ɗaya ne: ɗan haya ya ƙi biya, ya ƙi tashi, kotu kuma tana jan ƙafa. Ba na musu, akwai 'yan hayan da ba sa tsoron Allah. Amma in ka bi diddigin yawancin rigimar, tun ranar miƙa makulli mai gida ya ɗaure kansa. Dillali ya kawo mutum, an yi ciniki a bakin ƙofa, an tura kuɗi ta waya, an ce Allah ya sa albarka. Babu takarda, babu shaida, ko ranar shiga ba wanda ya rubuta.

Wannan sakacin yana da tsada. Mutumin da yake biya shekara-shekara, babu yarjejeniyar da ta ce wani abu daban, doka ta ba shi notis na wata 6 cur. Haka yake a dokar ƙwato gida da ake aiki da ita a Abuja, haka yake a dokar haya ta Legas ta 2011, dokokin jihohi da yawa ma kusan layi ɗaya suke bi: mai biyan mako-mako kwana 7, mai biyan wata-wata wata 1, mai biyan wata uku-uku wata 3. To amma in kun rubuta cewa haya ce ta shekara ɗaya, daga rana kaza zuwa rana kaza, kuma ba ta sabunta kanta sai da sabuwar takarda, ranar da wa'adin ya cika hayar ta mutu da kanta. Abin da ya rage maka shi ne takardar kwana 7, wadda ke sanar da shi za ka je kotu neman gidanka. Layi biyu kacal a takarda sun rage maka rabin shekara.

Wurin lissafin notis ɗin ma ana faɗuwa. Kotuna da dama suna so ya ƙare daidai da ƙarshen shekarar haya. Wanda ya shiga 1 ga Janairu, notis ya isa hannunsa kafin Yuni ya fita, ya ƙare 31 ga Disamba. Ka makara da kwana biyu, lauyansa ya samu abin riƙewa. A 2021 Kotun Ƙoli ta ɗan sassauta a shari'ar kamfanin Pillars, ta nuna kuskure a notis ba zai zama mafakar ɗan haya har abada ba. Duk da haka me zai kai ka shekara kana jayayya kan kwanan wata? In wakili ko lauya ne zai sa hannu, ba shi izini a rubuce. Wanda ya kai takardar ya rubuta rana da lokaci, a ajiye kwafi.

Sai tarkon da kwaɗayi ke jefa mutane. Ka ba da notis, ya kusa cika, ɗan haya ya turo kuɗin shekara, ka karɓa ka yi shiru. A gaban alƙali zai iya cewa ka sabunta masa haya. In tashinsa kake so, mayar masa da kuɗin nan take. Kwanakin da ya ƙara bayan wa'adi kotu za ta lissafa maka kuɗinsu.

Cire kwano, garƙame ƙofa, yanke ruwa da wuta, watsa kaya waje, ɗauko 'yan daba: duk wanda ya yi ɗaya daga cikinsu ya mayar da kansa wanda ake ƙara. Mai bin bashin haya sai ya koma shi ake nema ya biya diyya. Kai ƙara wurin 'yan sanda ma ɓata lokaci ne, bashin haya ba hurumin caji ofis ba ne. Ma'aikatan kotu kaɗai ke fitar da mutum, bayan hukunci. In ana son sulhu, mai unguwa da dattawan layi sun fi sauri, amma abin da aka cim ma a gabansu a rubuta, kowa ya sa hannu.

Wuta kuma ita ce rigimar da ke zama bayan mutum ya tafi. Gidan da babu mita, bil ɗin ƙiyasi yana taruwa a kan lambar gidan, ɗan haya ya kwashe kayansa da daddare, ma'aikatan KEDCO ko AEDC su zo da tsani, kai za a nema. Kowane sashe a sa masa mita mai kati. In ba hali, a riƙa ganin rasit ɗin biya duk wata, kada a bari sai ranar tashi. Haka yashe masai, gyaran injin burtsatse da kuɗin shara: a rubuta wa zai biya, kashi nawa. A gidan ɗaki-ɗaki, masai ɗaya ya cika yana iya tayar da faɗan da bashin wata shida bai tayar ba.

Rufi, bango da manyan bututu naka ne. Ka hau sama kafin ruwan farko, ka duba ƙusoshin kwano da indararo, don yoyon da za a toshe da ɗan kuɗi a watan Afrilu, zuwa Agusta ya ruɓar da silin da katako. Ranar shiga a ɗauki hoton kowane ɗaki, ƙofa, taga, famfo, soket, da lambar da mita ke nunawa. Kuɗin ajiya na gyara da ka karɓa amana ne, a ba shi rasit dabam.

Gidan gado kuwa, kada a saka kowa sai magada sun fitar da mutum ɗaya a rubuce, da asusu ɗaya. In ba haka ba, yaya ya karɓi na shekara, ƙane ya zo da nasa notis.

Rasit ɗin haya ma yanzu ya ƙara daraja. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ba ma'aikaci damar cire kashi 20 cikin ɗari na hayar da ya biya daga kuɗin da ake yanka masa haraji a kai, iyakarsa naira 500,000. Mai albashi zai zo neman rasit mai sunanka, da adireshin gida, da ainihin abin da ya biya, don haka littafin rasit ya zauna kusa.