Emboss ba sassaƙa ba ce, kumburi ne

Duk wanda ya shiga shagon buga kati a nan Ingila zai ji ana tambayarsa ko yana son a yi wa sunansa emboss. Hausawa da yawa kan fassara kalmar da "zane" ko "sassaƙa". Ina ganin wannan fassara ta gaza, tana kuma sa mutum ya biya kuɗin aikin da ba shi ya nema ba.

Kalmar ta shigo Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 14 daga tsohon Faransanci, embocer. Tushenta boce, wato ƙullutu ko kumburi. 'Yan'uwanmu na Nijar za su gane ta nan take, don har yau bosse a Faransanci shi ne ƙululun da ke fitowa a goshi idan an yi karo, shi ne kuma tozon raƙumi. Ƙullutun ƙarfen da ke tsakiyar garkuwa ma boss Turawa ke kiransa. Amma boss na wurin aiki, wato oga, ba ɗan gidan ba ne; daga baas na mutanen Holan ya fito.

To, emboss shi ne a turo ado ya taso sama da shafin abu, ba tare da an yanke komai ko an ɗora komai ba. Idan adon ya loɓa ciki, deboss ke nan. Idan aka kankare aka cire wani abu, engrave ne, kuma shi ya fi kusa da sassaƙa tamu.

A takarda, faranti biyu ake haɗawa, namiji da tamata: ɗaya da zanen a tashe, ɗaya da raminsa. A sa takardar tsakaninsu, inji ya matse, sau da yawa da ɗan zafi. Shaidar aikin tana baya: juya katin, za ka tarar da rami daidai inda gaba ya taso. In bayan a shafe yake sumul, tawada ce mai kauri aka ɗora. Kati mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita, yana riƙe tudu da kyau, musamman na auduga. Takarda mai sheƙi kuwa takan tsage a gefen harafi idan an zurfafa, siraran layuka su ɓace, shi ya sa ƙananan haruffan ajami ba sa fita sai an kaurara su. Kada kuma a sa rubutu a bayan wurin, zai karkace.

A nan Ingila abin ya wuce ƙawa. Kwalin magani yana ɗauke da sunan maganin a rubutun makafi, takardar fam 10 ta roba da aka fitar a 2017 tana da ɗigo-ɗigo masu tudu a kusurwa don makaho ya gane ta da yatsa.

Mu ma aikin ba baƙo ba ne gare mu, suna guda ɗaya ne ba mu ba shi ba. Maƙeran tagulla na Bida suna bugun faranti ta baya har fure ya taso. Dukawa sun san fatar da aka jeme da bagaruwa, idan aka ɗan jiƙa ta, tana karɓar bugu ta riƙe shi bayan ta bushe. In ta jiƙe sharkaf zanen ya baje, in ta bushe ƙayau ya ƙi zama. Sai dai dagin da magina ke yi a bangon gidajen Zariya da Kano, duk da ya taso, ɗora shi ake yi da ƙasa ko siminti, don haka kalmar Turanci relief, wato duk adon da ya taso ko ta yaya aka yi shi, ta fi dacewa da shi.

Ni dai "ado mai tudu" nake so mu riƙa cewa, a aikace kuma "a taso da shi". Mai ba da aikin katin biki a Kano sai ya ce wa mai inji a taso da sunan amarya daga bayan katin, ya kuma nemi a buga masa gwaji ɗaya ya shafa kafin a buga sauran.