Jar lamba a sakamakon gwaji ba ita ce cuta ba

A nan Maraɗi, masu duba sakamakon gwajinsu ta waya kan ɗauka duk lambar da ta fito da ja cuta ce tabbatacciya. Tsoron yana da dalili, amma abin yana damuna, don wasu har magani suke saye a kansa.

Lamba kan fito da ja ne idan ta fita daga iyakar da ake rubutawa gefenta, kuma iyakar galibi ta ƙunshi masu lafiya 95 cikin 100 ne. Sauran biyar kan fita waje, alhali lafiyarsu ƙalau.

Ga misalin sukari: wanda ya karya da koko da ƙosai kafin a ɗebi jininsa zai iya ganin 1,30 g/L (giram a kowace lita ta jini). Ma'aunin 1,26, wanda daga shi ake zargin ciwon sukari, na wanda ya yi awa 8 bai ci komai ba ne, kuma galibi sai an maimaita wata rana kafin likita ya ce ciwon sukari ne.